Kuɗin mota a Yamai: wace dabara kuke yi?

Isufu:
Assalamu alaikum, ƴan'uwa. Ina zaune a Talladje, wurin aikina kuwa yana Harobanda, saboda haka kullum sai na haye Gadar Kennedy safe da yamma. A da tasi biyu nake shiga, kowace dala arba'in, amma yanzu da zarar na ambaci ƙetaren kogi sai direba ya ce in biya kuɗin mutum biyu, in na tsaya ciniki kuma ya ja motarsa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, a watan Yulin 2024 gwamnati ta rage farashin litar esansi zuwa sefa 499. Me ya hana ragin isowa aljihun fasinja?

Alhaji Mamman:
Wa alaikumus salam, Malam Isufu. Na daɗe ina tuƙin tasi kafin in ajiye, kuma ina tabbatar maka cewa ba mai kaɗai mota take ci ba. Taya da batir da sauran kayan gyara duk daga waje suke zuwa, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan da ake saukewa a Kwatano suka koma Lome, suna biyowa ta Burkina Faso, hanya mai nisa da hatsari. Ga kuma kuɗin da direba yake kai wa mai mota kowane dare, ko ya samu ko bai samu ba. Ba na wanke su duka, domin akwai masu zari a cikinsu.

Hajiya Rabi:
Alhaji ya faɗi gaskiya, sai dai albashi bai motsa ba. Ni faba-faba, wato ƙananan bas na haya, na koma, ina fita da sassafe kafin a cika, sauran tafiyar kuma in ƙarasa da ƙafa. Ɗana kuwa maƙwabcinmu yake ɗaukarsa a babur, mu kuma mu sa masa mai duk mako.

Sani:
Baba Alhaji, ni jirgin ƙasa nake tunawa. An buɗe tasharsa a Yamai a 2014, aka shimfiɗa dogo har Doso, kusan kilomita 140, amma har yau ba ya jigilar fasinja.

Isufu:
Ko da yana aiki, Sani, Doso ya nufa, ba zai haye da ni kogi ba. Hajiya, na gode. Akwai abokin aikina mai babur a unguwarmu, gobe zan yi masa magana.