Wa ya tuna bikin abincin ƙabilu da muke yi a Jos?

Ɗan Dilimi:
Salamu alaikum jama'a. Jiya na sayi acha a wani shago nan Kano, ina buɗe ledar kawai sai naji ƙwalla ta cika min ido wallahi. Dan Allah akwai wanda ya taso Jos wajen 1996 zuwa 2000 da zai tuna bikin abincin da matan unguwarmu ke haɗawa lokacin hutun Disamba a filin firamare? Ba gwamnati ba ce ta shirya, matan adashe ne kawai, kowace ƙabila da rumfarta, Birom da gwate (faten acha), Inyamurai da abacha da okpa, Yarbawa amala da ewedu, Tibi da sakwara, Fulani da ƙwaryar fura da nono, mu kuma mahaifiyata masa take soyawa tun asuba da miyar taushe, ga sanyin Jos yana kaɗawa kowa na rawar ɗari amma filin cike yake. Tun rikicin Satumba 2001 ban sake jin an yi ba. Har yanzu akwai inda ake irinsa kuwa?

Maman Biyu:
Kai ɗana ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni Birom ce, kuma na tsaya a irin rumfar nan ba sau ɗaya ba, ko da ba unguwarku ɗaya ba. Mutane na ganin gwate kamar abu mai sauƙi, basu san wahalar acha ba, sai ka wanke ta ka rege ka sake regewa saboda yashi, in ka yi ganganci mutum na tauna zai ji ƙaras. Sai yakuwa da alayyahu da gauta da ƙashi mai taushi a barshi ya dahu luguf. Abin da yaran yanzu basu sani ba, naman duk malam ne ke yankawa, mu da kanmu muka ce haka za a yi don kada maƙwabtanmu Musulmi su tsaya daga nesa suna kallo, kuma an hana shigo da burkutu filin, ba wanda ya yi ƙorafi. Wata Hajiya ce ta koya min dambu a wurin nan, bayan rikici suka tashi, har yau ban san inda take ba kuma ina yi mata addu'a.

Bakano_Zalla:
Ni ban taɓa zama Jos ba amma me zai hana a dawo da shi? Ai an samu sauƙi yanzu. Ku nemi ɗan siyasa ya ɗau nauyi mana.

Tsohon Terminus:
Malam ba kuɗi ne matsalar ba. Da can tukunya daga gida ake ɗaukota a kai zuwa filin, tafiyar minti biyar, saboda gidan Bayarabe na jikin na Bahaushe na jikin na Anaguta, haƙar kuza ce ta tara kakanninmu a garin tun zamanin Turawa suka zauna cakuɗe. To 2001 ta zo, kasuwar Terminus ta ƙone a 2002 wadda nan ne duk matan nan suke haɗuwa cefane, 2008 da 2010 suka ƙarasa raba mu, kowa ya sayar da gida ya koma cikin nasa. Yau wa zai ɗauko tukunya daga Unguwar Rogo ta Musulmi ya kai Jenta ta Kiristoci da yamma hankalinsa kwance? In ɗan siyasa ya shigo kuma hoto za a ɗauka a watse. Kasuwar Farin Gada ce nake ganin har yanzu kowa na shiga sayen kabeji da karas da dankali, in da za a gwada daga matan can ya kamata a fara.

Ɗan Dilimi:
Mama na gode ƙwarai, Allah ya sada ki da Hajiyar nan. Na karanta wa mahaifiyata saƙonki ta yi shiru can ta ce in tambaye ki, gautar tun farko ake zubawa ko sai acha ta fara kauri? Tana so ta gwada ranar Juma'a, kaskon masarta na Jos ma yana nan bata yar ba.