Na sa katin hoto, allo ya ƙi kawowa

Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku taimaka min.

Ina da tsohuwar kwamfutar tebur, Dell OptiPlex 7010, mai siririn akwatin nan. Da ita nake haɗa bidiyon biki a shagona da ke Kubwa. Jiya na sayo katin hoto (kayan da ke sarrafa hoton da kwamfuta ke nunawa a allo) GTX 1050 Ti na hannu, na soka shi a ramin PCIe, wato ramin da ake soka irin wannan kati a cikin kwamfuta. Fankarsa na juyawa, amma allo baƙi ƙirin, ko tambarin Dell ba ya fitowa. Wayar HDMI, mai kai hoto zuwa allo, ma a jikin katin na jona ta. Ina cire shi komai ya dawo daidai.

Na'urar ba da wuta ta kwamfutar wat 240 ce, katin kuma 75 yake ja. Wutar ce ta yi kaɗan, ko sai na sabunta BIOS (manhajar da ke tayar da kwamfuta idan an kunna ta) tukuna? Aikin mutane na hannuna, ranar Asabar za su zo karɓa.