Muhawara: Shin gidan abinci na da hujjar hana shigo da abincin yara daga waje?

Alhaji Mai Gidan Abinci: Salamu alaikum. Ra'ayina shi ne, allon da ake kafawa a ƙofa cewa ba a shigowa da abinci daga waje ya hau kan kowa, har da na ƙananan yara. In yaro ya ci abin da aka zo da shi daga gida a kan teburinmu, ya koma da amai da gudawa, sunan gidan za a kira, ba mai tambayar abin da ke cikin kular mahaifiyarsa. Sannan kujera kuɗi ce. Haya da man janareta da albashin ma'aikata duk daga farantin da aka sayar suke fitowa. Yau in an bar kunu, gobe shinkafa da miya ce za ta shigo.

Sista ta Sashen Yara: Wa alaikumus salam. Alhaji, a fara duba me ke cikin tukunyar. Sai jariri ya cika wata 6 ake fara ba shi wani abu bayan nono, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara. Daga nan zuwa shekara 1, gishirin da zai shiga cikinsa a yini bai kamata ya kai giram 1 ba, don ƙodarsa ba ta yi ƙwari ba. Miyar gidan abinci kuwa da dunƙule da gishiri da attaruhu ake haɗa ta, ludayi guda na iya wuce masa ƙa'idar yini. Ba a ba shi zuma kafin ya shekara, saboda wata ƙwayar cuta mai kashe jijiyoyi da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna. Gyada guda-guda da ƙayar kifi kuma shaƙe yaro suke yi. To ɗan wata 8 me za ka sayar masa? Kunun nan bai rage maka ko kwabo ba. Hanawar ce za ta kore maka uwa da uba da yayyensa da suka zo cin abinci.

Malam Dubagari: Sista, tsoron Alhaji na farko yana da tushe. Ƙwayoyin cuta sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60 na ma'aunin Salsiyos. Dafaffen abinci ba ya wuce awa 2 a wannan tsakani, in kuma zafin gari ya haura digiri 32, awa 1 ce. Ku tuna a Kano ko Sakkwato zafin watan Afrilu yana kaiwa 40. Kunun gyada mai madara da aka dama da safe, aka zuba a roba, aka bar shi a mota har azahar, ya riga ya lalace ko da bai yi tsami ba. Filas mai kyau da aka ɗauraye da tafasasshen ruwa kafin a zuba yana riƙe zafi, roba ba ta riƙewa. Shinkafa ta fi tsanani: akwai ƙwayar da dahuwa ba ta kashe ta, in shinkafar ta huce ta daɗe sai ta saki dafin da ɗumame ba ya karya shi, amai kan taso cikin awa 6 ko ƙasa da haka. Wato daidai lokacin da iyali suka dawo gida suna cewa daga gidan abincin wane muke.

Amma ni ba a ƙofar titi nake ja layi ba, a ƙofar kicin nake ja.

Babban Kuku: Nan ne maganar take, Malam. Abin da uwa ta ba ɗanta da hannunta a kan tebur nauyinta ne. Da zarar ma'aikaci ya karɓa ya shige da shi ciki, ya zama namu. Don haka abincin waje ba ya shiga firjinmu, ba ya hawa murhunmu, ba a juye shi a tukunyarmu ko a juya shi da ludayinmu. Ba mu san awa nawa ya yi a hanya ba, ba mu san me aka zuba ba, ga shi zai zauna kusa da abincin sauran jama'a. Na'urar ɗumama abinci ta lantarki kuma ita ce mafi muni ga fida: ba ta ɗumamawa bai ɗaya, jikin kwalbar ya yi ɗumi kaɗan alhali wani sashe na madarar ya isa ya ƙona bakin jariri. Abin da za mu iya bayarwa shi ne ruwan zafi a kwano mai zurfi a tsoma fidar ko robar na 'yan mintoci, da cokali mai tsabta.

Sista ta Sashen Yara: Yallaɓai Kuku, a raba ruwa biyu, don ma'aikata suna haɗa su. Ruwan ɗumama fida daban, ruwan haɗa madarar gwangwani daban. Garin madarar jarirai ba a tsarkake shi daga ƙwayoyin cuta ɗari bisa ɗari ba, shi ya sa ake haɗa shi da ruwan da ya tafasa kuma bai sauko ƙasa da digiri 70 ba. Lita guda in ta tafasa, kada ta wuce minti 30 a ajiye. A fara zuba ruwan a fida, sannan garin, da cokalin da ke cikin gwangwanin, a shafe samansa, gwargwadon abin da aka rubuta a jiki. A rufe a girgiza, a sanyaya a ƙarƙashin famfo ko cikin ruwan sanyi, a ɗiga a bayan hannu a ji. Abin da ya rage bayan awa 2 zubarwa ake yi. In uwa ta nemi ruwan haɗa madara aka kawo mata na butar shayi da ya daɗe da hucewa, an cuce ta ba tare da an sani ba.

Hajiya Manaja: Ruwan zafin nan ma shi kansa haɗari ne in ba a koya wa masu kai abinci ba. A ajiye shi a tsakiyar tebur inda hannun yaro ba ya kaiwa, kada a miƙa shi ta saman kan yaro, kada a cika kwanon. Batun cinikin Alhaji kuma maganinsa iyakar shekaru. Ƙasa da shekara 2 a bar abincinsu ya shigo. Daga nan sama a tanadi abin sayar musu: rabin farantin farar shinkafa da wake, dafaffen dankali, dafaffen ƙwai, ayaba, miya da aka ɗiba kafin a zuba attaruhu. Gidan da bai tanadi ko ɗaya ba shi ya jawo wa kansa kuloli.

Alhaji Mai Gidan Abinci: Na jariri na sauko, Hajiya. Amma yaro ɗan shekara 6 da ledar taliya ko cincin daga shagon maƙwabci, wannan ba lalura ba ce.

Barista: Galibi haka ne, Alhaji, sai dai shekaru kaɗai ba su raba gardamar. A 2017, a garin tarihi na Wiliyamsbag da ke jihar Bajiniya a Amurka, wani yaro ɗan shekara 11 da jikinsa ba ya ɗaukar gulutin, sinadarin da ke cikin alkama, ya je gidan abinci tare da 'yan makarantarsu, da abincin da aka yi masa a gida. Gidan ya ce yaron ba zai ci shi a ciki ba, amma kuku zai dafa masa wanda babu alkama. Mahaifin ya ƙi, don yaron ya taɓa kwanciya ciwo bayan irin wannan alkawari a wasu gidajen. Ƙaramar kotu ta ba gidan gaskiya. A 2019 kotun ɗaukaka ƙara, da alƙalai 2 cikin 3, ta soke hukuncin, ta ce masu taya alƙali yanke hukunci ne za su tantance ko buƙatar yaron ta zama dole a ƙarƙashin dokar kare masu buƙata ta musamman ta 1990. Dokarsu ce, ba tamu ba, amma tambayar ɗaya ce.

Alhaji Mai Gidan Abinci: To ai kowa sai ya ce ɗansa na da alaji, wato jikinsa ba ya ɗaukar wani abinci. Sai a zo da takardar likita.

Babban Kuku: Ranka ya daɗe, kafin takarda a tambayi kicin: za mu iya rantsuwa babu gyada ko alkama a farantin nan? Yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yin sa. Mai guda ne ake soya kaza da dankali da abin da aka turbuɗa a fulawa. Katakon yanka guda, cokalin ɗiba yana yawo daga wannan tukunya zuwa waccan. Ga mai alajin gyada ɗan ɓurɓushi ya isa ya kumbura masa leɓe da maƙogwaro cikin mintoci. In ka hana abincinsa ka ce ya ci naka, nauyin da kake gudu ne ka ɗauko gaba ɗaya.

Malam Dubagari: Kuma ta ɗaya ɓangaren ma haka ne. Kunun gyadar da ya zube a kujerar yara na iya taɓa yaron da zai zauna bayansa. A wanke tebur da kujerar da sabulu da ruwa bayan kowane iyali. Man goge hannu mai sinadarin kashe ƙwayoyin cuta ba ya cire gyada, don ba ƙwayar cuta ba ce.

Barista: Duk sharaɗin da aka tsayar, a rubuta shi a ƙofa da kan takardar jerin abinci, da Hausa da Turanci. Wanda aka sanar kafin mutum ya zauna ya fi wanda aka tsiro da shi bayan ya yi oda ƙarfi.

Alhaji Mai Gidan Abinci: Zan rubuta shekara 2, kuma ba ma karɓar komai zuwa kicin. Mai lalura a kira manaja. Amma takardar likita ina nan a kanta.

Sista ta Sashen Yara: A nan ban bi ka ba, Alhaji. Iyaye da yawa sun gane abin da ke tayar wa ɗansu borin jini ne ta hanyar gani da ido, ba su taɓa samun gwajin asibiti ba, kuma ba uwar da ke yawo da katin asibiti don za ta ci abincin rana. Manaja ya tambaye ta me yaron ba ya ci, me ke faruwa in ya ci. Wadda ke fama da abin za ta lissafo maka har da irin man da ba ta yarda a soya masa abu da shi ba.