Me ya hana a bi ƙa'idar GOLD wajen masu ciwon COPD a asibitocinmu?

Nas Azare:
Assalamu alaikum. Hunturu ya shigo, gadaje sun fara cika da tsofaffi masu tari da haki. Ƙa'idar GOLD, wato jagorar da masana na duniya suka fitar kan wannan ciwo, ta fayyace yadda ake gano COPD, ciwon da ke toshe hanyoyin iska a huhu, amma a kati "asma" ko "tarin fuka" kawai ake gani. Likitoci, a ina gizo ke saƙar?

Likitan Ƙirji, Bauchi:
Wa alaikumus salam, Sista. Tun daga gwaji. Ba a tabbatar da ciwon nan sai da sifirometa, na'urar da ake hurawa. A ba mutum salbutamol, maganin buɗe hanyoyin iska, shaƙa 4, wato maikirogiram 400, a jira minti 15, ya hura iya ƙarfinsa aƙalla sau 3. Idan iskar da ya fitar a daƙiƙar farko ba ta kai kashi 70 cikin 100 na duk abin da ya fitar ba, akwai toshewa. Asibitoci da yawa ba su da na'urar. Inda take kuma, ko bututun bakin ya ƙare, ko babu sirinjin lita 3 na daidaita ta, ko an yi wa wanda ya iya ta canjin wurin aiki.

Abin da ya fi damuna shi ne tambayar sigari kaɗai. Iya ta ce ba ta taɓa sha ba, sai a wuce, alhali ta yi shekara 40 a gaban murhun itace cikin madafa marar taga. Haka wanda ya warke daga tarin fuka huhunsa ya yi tabo: sai a mayar da shi kan maganin wata 6. A fara kai majinarsa GeneXpert, gwajin gano ƙwayar tarin fuka, tukuna.

Mai Haɗa Magani, Misau:
Likita, ko an gano, ina maganin? Ƙa'idar ta fi son abin shaƙa mai dogon aiki, irin tiotropium sau 1 a rana. Yana da tsada, kuma da wuya a same shi a kantin asibiti. Sai majinyaci ya koma kemis ya riƙa haɗiyar dexamethasone wata da watanni, fuska ta kumbura, suga ya hau. Wasu kuma suna tsoron abin shaƙa, wai in an fara ba a dainawa. Masu karɓa ma a harshe suke fesawa. Gorar roba mai cin mililita 500 tana gyara wannan: a huda gindinta a cusa bakin abin shaƙar, fesa 1, numfashi 4 zuwa 5 ta bakin gorar.

Likitan Gaggawa, Bauchi:
Akwai ɓangaren da ba kuɗi yake nema ba, Sista, kuma a hannunku yake. Oksijin ɗin jinin mai COPD tsakanin kashi 88 da 92 cikin 100 ake riƙe shi. Idan aka buɗe silinda har ya kai 99, gurɓatacciyar iska tana iya taruwa a jininsa, ya fara gyangyaɗi, 'yan jinya su ce Alhamdulillahi ya samu barci, alhali suma ce ke tafe. A fara da lita 1 zuwa 2 ta hanci, a rubuta 88 zuwa 92 a jikin gadon domin masu aikin dare. Prednisolone kuma, maganin rage kumburi da ake bayarwa idan ciwon ya tashi, miligiram 40 ne a rana na kwana 5, a tsaya. Allurar aminophylline da aka saba rugawa gare ta, ƙa'idar ba ta goyon bayanta saboda illarta ga bugun zuciya.