Sa hannun 'yan wasan NFL da kyaututtukan 'yan kallo: shawarwari a zaure

Baban Khalid: Assalamu alaikum jama'a. Khalid ya cika shekara tara, ya ƙwallafa rai sai wani ɗan wasan Giants, ƙungiyar New York a gasar ƙwallon Amurka ta NFL, ya sa masa hannu a kan wani abu da zai ajiye. Ranar wasa a filinsu na MetLife ta fi, ko a jira atisayen watan Yuli? Kuma me ya kamata a saya a riƙe?

Malam Auwal: Wa alaikumus salam. A jira atisaye. Ranar wasa hankalinsu ba ya wajen kowa, kuma in ba kujerarka tana bakin ramin da suke fitowa ba, ko muryarka ba za su ji ba.

Maman Yusra: Gaskiyar Malam Auwal. Baban Khalid, ƙungiyoyi suna buɗe sansanin atisaye ne a ƙarshen Yuli, su ware wasu ranaku da jama'a za su shiga kallo. A wurare da yawa shigar kyauta ce, amma sai an yi rajistar tikiti a shafin ƙungiyar, ya shigo waya, kuma na Asabar da Lahadi su ke fara ƙarewa. In da hali a ɗauki tsakiyar mako, cunkoso bai kai ba. Giants galibi suna yi a East Rutherford, dab da filin wasan, ƙungiyar Jets kuma a Florham Park. Sa hannu sai an tashi daga atisaye, to wurin tsayuwa shi ne komai: jikin shinge, kan hanyar da za su bi su koma ɗakin canja kaya. Tun shiga a tambayi masu gadi ta wane gefe ake fita, kuma ko an ware wa yara wuri. In an ware, yaro ya shiga shi kaɗai da kayansa, babba ya tsaya baya. 'Yan wasa sun fi tsayawa wa yaro, domin sun san manyan da ke zuwa da kaya niƙi-niƙi yawanci sayarwa za su je yi.

Malam Auwal: Abu ɗaya a hannu. Wanda ya miƙa uku ana tsallake shi.

Kawu Isiyaku: Ku ƙara da wannan. A lokacin sansani ƙungiya tana da 'yan wasa har 90, sai ƙarshen Agusta a rage su zuwa 53. Fuskoki da yawa ba ka sani ba, kuma za ka iya ganin mutum biyu da lamba ɗaya, ɗaya a 'yan kai hari ɗaya a 'yan tsaro, launin riga ne ya bambanta su. A buga jerin sunaye da lambobi a takarda a ba yaro ya haddace kaɗan. Wanda aka kira da sunansa yana juyowa, wanda aka ce wa "kai mai lamba kaza" yana wucewa. Kuma kada a zuba ido kan kwatabak (mai jefa ƙwallo, jagoran 'yan kai hari) kaɗai, shi ne kowa ke rububi. 'Yan layin gaba da masu bugun ƙafa da sababbin ɗauka sun fi daɗewa a bakin shinge.

Alhaji Tanko: Ni abin da ya fi damuna ba samun sa hannun ba ne, abin rubutun ne. Nan ake tafka asara, bayan an sha rana awa uku. Bari in yi dalla-dalla.

Ƙwallo iri biyu ce. Akwai ta fata ruwan ƙasa irin wadda ake wasa da ita, ta Wilson, akwai kuma mai fararen ɓangarori da aka yi ta musamman don sa hannu. Baƙar tawadar maka irin ta Sharpie a kan fata ruwan ƙasa ba ta fitowa, fatar tana da ƙurarraji, tawada ta nutse a ciki, daga taku biyu ba ka ganin komai. Wannan sai alƙalamin fenti ruwan azurfa ko na zinariya. Mai farin ɓangare kuwa Sharpie baƙa ta wadatar. Ko wace ce, a hura ta ta yi tauri kafin a fita daga gida, ma'aunin iskar ƙwallon wasa PSI 12.5 zuwa 13.5 ne. In ta yi laushi bakin alƙalami yana lotsa ta, rubutu ya riƙa yankewa.

Alƙalamin fenti shi ne mai rigima. Sabo fil ba ya rubutu sai an girgiza shi da murfi a rufe kamar minti ɗaya, an danna bakinsa a kan kwali har fenti ya sauko ya jiƙa shi. Mutane suna mantawa, su miƙa wa ɗan wasa, ya ja bai fito ba, sai ya danna da ƙarfi a kan hular kwanon, fenti ya tsiyayo guda ya gangara. Shi ke nan. In kuma ya daɗe a aljihu cikin zafin Agusta, iskar ciki ta kumbura, ana buɗewa ya yi aman fenti. A ajiye shi a inuwa, a gwada a kwali minti kaɗan kafin a tashi, a riƙe biyu. A cire murfi da kanka ka miƙa, hannunsa da gumi da safar hannu.

Ƙaramar hular kwano ta Riddell ta fi dacewa da yaro, tana shiga jaka, tana zama a kan tebur. Ta Giants shuɗiya ce, saboda haka azurfa. A goge gefen da busasshen ƙyalle tun a gida, maiƙon yatsa yana sa fenti ya tattare. Bayan an sa hannu kada a taɓa, kada a mayar cikin kwalinta, a riƙe ta ta ƙarfen fuska har minti biyar. Yawancin sa hannun da ya dame, babban yatsan mai shi ne ya dama shi.

Jesi kuma a kan lamba ake sa hannu, ba a kan yadi ba, yadin yana da ƙananan huji yana shan tawada ta bazu. A zura kwali mai tauri a ciki, a ɗame lambar a kansa, a kama da maƙalai biyu ta baya. Mai ɗinkakkiyar lamba ta fi riƙe rubutu. Daga ranar kuma ta daina ganin ruwa, ta daina ganin rana. Hasken taga yana cinye tawada a hankali har ta koma ruwan toka.

Baban Khalid: Allah Ya saka da alheri Alhaji. Katin hoton 'yan wasa fa? Yana da su da yawa.

Alhaji Tanko: Mai ƙyalli tawada ba ta kama shi, tana tsattsaye kamar raɓa. A shafa 'yar hodar jarirai a goge, ko a murza da abin goge fensir, sannan shuɗiyar Sharpie. A manna kusurwoyin a kan kwali don ya sami abin dannawa.

Hajiya Binta: Ba wanda ya yi maganar jaka. Tun 2013 NFL ta sa dokar jaka mai nuna abin da ke ciki: inci 12 da 6 da 12, ko ledar firiza ta galan ɗaya, sai 'yar ƙaramar jakar hannu da ba ta wuce inci 4.5 da 6.5 ba. Sansanoni da yawa ma ita suke bi. Kuma filaye da yawa ba sa barin a shiga da ƙwallo ranar wasa, a duba jerin abubuwan da aka hana kafin a baro mota da nisa.

Sagir Kano: Salam iyayena. Ni tambayata daban. Wani shafi a Facebook mai tambarin ƙungiyar Chiefs ya turo wa ƙanena saƙo wai ya ci rigar kwatabak ɗinsu Mahomes mai sa hannu, ya biya kuɗin aikowa Najeriya kawai. Ya tura?

Maman Yusra: Kada ya tura ko kwabo.

Malam Auwal: Banza ba ta kai zomo kasuwa, Sagir. Ya shiga wata gasa ne tun farko? In bai shiga ba, me ya ci?

Hajiya Binta: Ɗana, ka gaya masa gasar kyauta ta gaskiya a Amurka tana da rubutattun ƙa'idoji a shafin ƙungiyar kanta, kuma za ka ga an rubuta cewa ba sai ka sayi komai ba kafin ka shiga, domin doka ce. Galibinsu na mazauna Amurka ne masu shekara 18 zuwa sama, wasu ma sai mazauna yankin ƙungiyar. Wanda ke Kano bai cika sharaɗin ba balle ya ci. Alamar ɗan damfara uku ce: saƙon sirri daga shafin da aka ƙara wa suna harafi ko ɗigo, gaggawa wai cikin awa ɗaya, da neman a biya ta katin kyauta ko kirifto. Ku na nan Amurka kuma ku sani, in kun ci babbar kyauta irin tikitin wasan ƙarshe na Super Bowl da masauki, hukumar haraji tana lissafa ta cikin kuɗin shiga. A karanta darajar da aka rubuta kafin a amsa.

Kawu Isiyaku: Sagir, in ƙanen naka yana son wasan da gaske ya riƙa bibiyar NFL Africa. Sun yi sansani a Accra a 2022, sun yi a Legas a 2024, Osi Umenyiora, tsohon ɗan wasan Giants, ne ke kan gaba a harkar.

Ɗanladi Ohio: Kyautar da ba damfara a cikinta ita ce ta bakin ƙofa: tawul, tuta, wani lokaci hula. Amma a karanta sanarwa da kyau, sau da yawa na waɗanda suka fara shiga ne, adadi kaza. Ana buɗe ƙofa wajen awa biyu kafin a take wasa, wanda ya tsaya gashin nama a wurin ajiye motoci ya rasa. Wani lokaci kuma a kan kujera ake ɗorawa, in ka makara maƙwabci ya haɗa da naka. Akwai kuma ƙuri'ar rabi da rabi da ake yawo da ita.

Malam Auwal: Wannan ta ƙarshe ka cire ta, Ɗanladi. Ka sayi tikiti da kuɗi, a juya, mutum ɗaya ya kwashe rabi. Caca ce.

Ɗanladi Ohio: Ɗaya rabin gidauniyar agaji ta ƙungiyar yake tafiya, Malam.

Malam Auwal: Mai son sadaka ya ba gidauniyar kai tsaye. Wanda ya sayi tikitin rabin da zai dawo masa yake hange.

Hajiya Binta: Ina bayan Malam a nan. Wadda ake shiga kyauta daban, wadda ake zuba kuɗi daban. Kowa ya tambayi malaminsa, mu koma kan yaro.

Kawu Isiyaku: In ana maganar tawul, na magoya bayan Steelers na Pittsburgh ne uba. Myron Cope, mai sharhin wasanninsu, ya ƙirƙiro shi a 1975, daga baya ya mallaka wa makarantar Allegheny Valley mai kula da masu naƙasa, kuɗin cinikin can yake zuwa. Kuma Baban Khalid, in za ka iya tuƙi, kai yaron Latrobe ya ga sansanin Steelers a kwalejin Saint Vincent. Tun 1966 suke zuwa can, in ka cire shekarun korona. 'Yan wasa da ƙafa suke gangarowa filin ta tsakanin jama'a.

Baban Khalid: Kawu, yaron ɗan Giants ne, ba zai yarda ba.

Kawu Isiyaku: Yana da shekara tara, da sauran lokacin gyara shi.

Maman Yusra: Green Bay ma suna da tasu al'adar, yara su kawo kekuna bakin filinsu na Lambeau, ɗan wasa ya zaɓi ɗaya ya hau zuwa filin atisaye, yaron yana gudu a gefe riƙe da hularsa. Amma ta yi muku nisa.

Alhaji Tanko: In an rasa a sansani, saura hanya biyu. Ta farko zaman sa hannu na kuɗi, a shagunan kayan wasanni ko bajekolin katuna. Farashi ya danganta da abin da ka kawo: hoto da kati sun fi sauƙi, ƙaramar hula ta bi, babbar hula da jesi su ne masu tsada. Ƙarin rubutu kamar sunan yaro kuɗinsa daban, sitikar shaida ma daban. A biya ta shaidar a nan take, lokacin da wakilin kamfanin yake tsaye yana gani. Sunayen da kasuwa ta yarda da su PSA, JSA, Beckett da Fanatics. Kowace sitika tana da lamba, a shiga shafin kamfanin a buga ta, a tabbata bayanin da ya fito ya dace da abin da ke hannu, don ana ɓamɓare sitika daga wani abu a manna a wani. Takardar shaidar da mai shago ya buga da kansa ba ta da wani nauyi. Jabu ya yi yawa har sai da FBI ta yi samame a kai a ƙarshen shekarun 1990. Araha ba ta ado.

Ta biyu wasiƙa. A aika kati ɗaya ko biyu zuwa ofishin ƙungiyar da sunan ɗan wasan, da 'yar takarda da hannun yaro, da ambulan na dawowa mai adireshinku da kan sarki a manne. Ana iya yin watanni, ana iya shiru har abada, manyan taurari kuma sau da yawa hoto mai bugaggen sa hannu ake turowa. Kada a aika abin da za a yi kukan rashinsa.

Ɗanladi Ohio: Garin Canton na nan Ohio ma, farkon Agusta, makon karrama tsofaffin gwanaye. Ana zaman sa hannu amma da tikiti, kuma masauki yana tsada a makon, gara a kwana Akron.

Hajiya Binta: Bikin zaɓen sababbin 'yan wasa na Afrilu shi ma shigarsa kyauta ce, ta manhajar NFL OnePass, kuma akwai dandalin sa hannu. Layin ne sai mai haƙuri.

Malam Auwal: Wani abu ga Khalid in kun je wasa wata rana: kada ya yi ta ihu a jefo masa ƙwallo. Ana cin tarar ɗan wasan da ya wurga ta cikin 'yan kallo, miƙawa hannu da hannu ce ba laifi. Safar hannu da tawul sun fi saurin samuwa a bakin rami bayan an tashi.

Baban Khalid: To na tsayar: ƙaramar hula, alƙalamin azurfa biyu, kwali, jerin sunaye, ranar Talata ko Laraba. Maman Yusra, yaushe ake sakin tikitin?

Maman Yusra: Ba rana ɗaya ba ce kowace shekara, kuma masu tikitin kakar wasa ake fara ba wa. Ka buɗe sanarwar manhajar Giants tun watan Yuni. Ku tafi da hular rana, inuwa ba ta da yawa a bakin shinge.

Sagir Kano: Hajiya, ya riga ya ba su lambar waya da adireshi, kuɗi ne bai tura ba. Yanzu me zai yi?

Hajiya Binta: Ya toshe shafin, ya kai ƙararsa a Facebook, kuma duk wanda ya kira ya ce a karanto masa lambar da ta shigo waya, ya kashe kiran.