Insinuate, imply ko hint: wacce zan sa a takardar ƙorafi?

Maman Ilham: Assalamu alaikum malamai. Wani abokin aikinmu ya tura wa kowa saƙo yana cewa "Interesting how the diesel runs low only on certain shifts." Bai kama suna ba, amma mu biyu ne kaɗai ke aikin dare. Zan kai ƙorafi a rubuce da Turanci. In ce "he insinuated", "he implied" ko "he hinted"? Ina gudun kalmar da za ta dawo kaina.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ukun ba nauyinsu ɗaya ba. Imply ba ta ɗaukar ɓangare: magana ce ta nuna abin da ba a furta ba, alheri ko sharri. Hint hannunka mai sanda ce, ana so ki gane, sau da yawa ma don amfaninki. Insinuate kuwa gugar zana ce. Abin da ake nufi mara daɗi ne, kuma da gangan aka karkata maganar don in an tare mai ita ya ce shi bai faɗa ba. Idan kika rubuta "he insinuated", kin wuce ba da labarin abin da ya faɗa, kin zarge shi da mugun nufi, kuma za a iya cewa ki kawo hujja. Ki kwafo jimlarsa yadda take da ranar da ya turo ta, sannan ki ce "This implies that the night staff are responsible." Maganar niyya ki bar wa manaja.

Malama Rabi: Ki kula da abin da ke bin kowace kalma, 'yar'uwa, nan ake yawan tuntuɓe. Imply da insinuate suna tafiya da that, ba a ce "implied at". Hint tana ɗaukar at ko that. Allude sai da to, kuma ba zargi ba ce, ambaton abu ne a kaikaice. Sai infer, wadda ake yawan rikita ta da imply: mai magana shi ke imply, mai sauraro shi ke infer. "I inferred from his message that" ta fi taushi, don ta nuna fahimtarki ce kike bayyanawa.

Barista Auwal: Akwai kuma innuendo, wato habaici ko shaguɓe. Suna ce, ba aikatau ba, kuma a hirar Turawa ta yau da kullum ta fi karkata ga magana mai harshen damo ta batsa, don haka ki kauce mata a wannan takarda. A shari'ar ɓata suna kuwa tana da ma'ana ta musamman: magana mai kama da lafiya wadda ke cutarwa ga wanda ya san yanayin. A Ingila a 1931, ɗan wasan golf Cyril Tolley ya yi nasara a kan kamfanin cakulan na Fry da ya sa zanensa a talla ba da izininsa ba, domin masu gani za su ɗauka ya karɓi kuɗi alhali shi ba ɗan wasan kuɗi ba ne. Haka nan rashin kama suna ba ya wanke marubucin saƙon nan muddin waɗanda suka karanta sun san masu aikin dare. Ki haɗa kwafin jadawalin aiki da takardarki, da rijistar fitar da man in kina da ita.

Malama Rabi: Kada kuma ki buɗe da "I write to intimate you", kamar yadda aka saba a ofisoshinmu. A Turancin Ingila intimate ita ma nuni ce a kaikaice, kuma ba a sa mutum bayanta haka. "I write to inform you" ta wadatar.