Malaman da suka taɓa kai ɗalibai bakin kogi, ku ba mu labari

Malamin kimiyya, Ringim: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina so in fita da 'yan aji biyu na ƙaramar sakandare zuwa bakin Kogin Haɗejia da zarar ruwa ya ja baya. Wanda ya taɓa yi, ya taimaka mini da abin da ya gani.

Malami, Auyo: Wa alaikumus salam. Malam, kafin komai ka je ka gaida sarkin ruwa, mu shi ya ja mana gaba. Ya tsayar da yaran a gaban kachala, doguwar ciyawar nan mai tsirowa cikin ruwa, ya sa wani ya tuge guda ɗaya, suka ga yadda saiwarta ta sarƙe da laka. Ya ce musu nan inda ta cike, da kwale-kwale yake ratsawa yana saurayi. Nan na samu ƙofar bayani. Tun da aka gama dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara na Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa da rani a hanyoyin nan, ita kuwa kachala abin da take so ke nan. Ta toshe hanya, damina ta zo, ruwa ya rasa mabi ya faɗa gonaki. Yaran da ambaliyar 2022 ta ci gidajensu ba sai an maimaita musu ba. Wata yarinya ma ta ƙara mana da cewa a cikinta tsuntsayen jan-baki ke kwana, gari ya waye su afka wa shinkafa.

Malama, Kura: Mu magudanar noman rani muka je. Da ludayi muka tsamo ƙananan katantanwa muka zuba a kwalba, ban bar kowa ya taɓa da hannu ba. Na ce musu ga masaukin tsargiya, wato ciwon fitsarin jini: mai ciwon ya yi fitsari a ruwa, ƙwan tsutsar ciwon ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, daga baya tsutsar ta fito ta huda fatar mai wanka. Abin da ya ɗaga mini hankali, samarin ajin da yawa sun ɗauka fitsarin jini alamar girma ce. Washegari wasunsu suka same ni a ɓoye, muka kira iyayensu aka kai su asibiti.

Malami, Wudil: Mun daka ƙwayar zogale mun zuba a ruwan kogi, laka ta kwanta a gindin kwalba. Amma ka nanata musu, ruwa ya yi garau ba shi ke nufin ya shawu ba, sai an tafasa. Inda masu ɗibar yashi suka sa gaɓa ta zaftare kuma, ciyawar jema muka dasa.

Hedimasta, Miga: Don Allah ban da shiga ruwa, ko da yaro ya rantse ya iya iyo. A kuma nemi izinin iyaye tun da wuri.

Malamin kimiyya, Ringim: Allah Ya saka da alheri. Ranar Juma'a zan je wajen sarkin ruwa in sha Allahu. Malam na Wudil, ina kuka samo jemar, kuma ta kama kuwa?